Yadda Na Je Kabo Duba Masu Digiri

Kaka ce, shekarar nan da gyaɗa ta yi albarka har mutanen garinmu suka fara yi wa gero kallon baƙo. Duk inda ka juya tsibi ne, maza kuma sun fara tafiya suna buɗe kafaɗa kamar su suka saukar da ruwan. A cikin wannan hidima na yi tafiyar da kuka hana ni sakat a kanta. In na je daka, "Hansatu, yaya Kabo?" In na je rijiya, "Hansatu, ba mu labarin masu digiri." Wanda ya ji ku sai ya ɗauka Makka na je a ƙafa, alhali Kabo ce, wadda in hadari ya haɗu a can mu nan muke kwashe shanya. To, tunda Allah ya sa mun yi yaƙi da jahilci, ga shi na rubuta. Wadda ta iya ta karanta. Wadda ta gudu daga aji tun ranar da aka fara haɗa baƙi, ta nemi mai karanta mata.

Kun san babban yaron gidanmu. Ba zan rubuta sunansa ba, don ɗan fari ne, kuma riƙe alƙalami bai cire mini kunya ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa ko da a gabanta aka taka shi. Haka muka tarar tun kakanninmu suna bin shanu. Yaron ya gama makarantarsa aka ɗauke shi ƙaramin malamin gona a wani ɗan ofis a Kabo, inda ake gwada irin gyaɗa. Bana sai ga magana ta zo: in babbansu na Kano ya gamsu da aikinsa, za a tura shi jami'a.

Malam, maigidana, ya ji labarin. Ya shiga daji ya yanko sanda, ya fere ta, ya gasa ta ya miƙar, ya shafe ta da mai, ya jingine a zaure. Sandar kiwo ce, daidai tsayin yaron. Kowa a gidan ya gane karatun: shanu sun fi ƙarfin tsoho, ɗa ya dawo gida.

Wata safiya bayan an gama tatsa ya ce da ni, "Ke ce kika yi boko a gidan nan. An ce masu digirin nan har uku ne a ofishinsu, kowanne da jami'arsa. Mu ba ma sayen bijimi sai mun ga garken da ya fito. Je ki dubo mini su. In kin ga jami'a tana fitar da mutum, ya tafi. In ba haka ba, ga sandarsa nan."

Na ce, "To, Malam."

Ya san abin da ya yi. Duk gidan ya rasa wanda zai aika sai wadda ba ta da bakin roƙar wa yaron komai.

Na ɗaure ƙwaryar man shanu a tsumma, na bi 'yan kasuwa a ƙafa daga wajenmu na Mainika zuwa Gwarzo. A tasha na tarar da babbar mota an lafta mata buhunan gyaɗa za ta Kano. Direba ya dube ni ya ce, "Inna, akwai wuri mai kyau a sama, ga iska." Gaskiyarsa, iska kam akwai. Wurin ne ban gani ba. Aka tura ni, aka jawo ni, na sami kaina tsakanin wani rago da wani tela mai ƙunshin yadi. Ragon ya fi telan kawaici.

Da telan ya ji inda za ni da abin da zan gani, sai ya gyara zama. Ya ce, "Ai ni na san digiri. Na gan shi a hoto. Riga ce."

Na ce, "Riga kuma?"

Ya ce, "Baƙar riga, ba aiki a wuya, ba aljihu, gaba a buɗe kamar telan ya mutu bai gama ba. Sai hula mai faifai a bisa. Shekara da shekaru mutum yana karatu, a ƙarshe a ba shi wannan. Da ni suka zo wa, kafin sallah na fitar musu da wadda ta fi ta."

Na ce Allah ya kawo masa ciniki.

Inda ƙasarmu ta ƙare ta su Kabo ta fara, akwai wani ɗan rafi, a bakinsa an gitta itace a hanya. Nan ce iyakar da na ƙetare, ga masu tambayar ko an nemi takardata. Wani mutum mai kakin da ya koɗe ya fito da dogon ƙarfe mai rami, wanda ake soka wa buhu a zaro gyaɗa a duba. Yana soka yana dubawa da baki, abin da ya rage yana dubawa da aljihu. Da ya hau sama ya ga ƙunshina, ban ankara ba ya soka. Ƙarfen ya fito yana sheƙi. Ya shinshina, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Inna, wannan ba gyaɗa ba ce."

Na ce, "Allah ya ƙara basira."

Ya ce amin, ya ɗaga mana itacen. Rana kuwa ta riga ta narkar da man, ya bi ta hujin ya sami yadin tela. Daga nan har Kabo bai ƙara zancen digiri ba.

Masaukina gidan Talatu, wadda muka yi aji tare kafin aure ya kai ta can. Ita ke dafa wa 'yan ofishin abincin rana. Tana da gadon ƙarfe da ta jere wa kwanuka har kusan rufi, don haka kwanukan suka kwana a gado, mu muka kwana a tabarma. Abincin Kabo kuwa, ban ce komai ba, amma da safe kunun gyaɗa, da rana miyar gyaɗa, in ka nemi abin taɓawa ƙuli-ƙuli. Nonon da aka kawo mini na maraba, ina jin ya taɓa hangen saniya daga nesa. Wani abin da ba mu da shi a gida shi ne, a unguwar ofishin ba yunwa ke gaya wa mutum ya ci abinci ba, wani guntun ƙarfe ne da aka rataye a bishiya. In an buga, ka ji yunwa. In ba a buga ba, ka ƙoshi.

Talatu ta ce, "Su uku ne, duk 'ya'yan ƙasar nan, karatu ne ya raba su. Ni ban riƙe sunayensu ba, na sa musu nawa. Akwai Na-Turai, wanda ya ƙetare teku. Akwai Na-Kudu, wanda ya yi jami'arsa can ƙasa wajen kurmi. Sai Na-Gida, wanda ya yi tasa nan arewa. Ki ɗauko kwanon miya ki biyo ni kamar mai taya ni aiki. Kada ki ce ɗanki ne a ciki."

Na ce, "Ni da wa? Ai ko alƙali ne ya tambaye ni, ba ni da kowa a can."

Ofishin ɗaki biyu ne da kwano a sama, bayansa fili na siminti. A kan simintin an shanya gyaɗa kashi biyu, da rata a tsakani: sabon iri da ake gwadawa, da irin namu na gado. Talatu ta ce za a auna kowanne daban a ga wanda ya fi yi, kuma aikin shekara guda ke nan a shanye. Yaron ya ɓullo ɗauke da sikeli. Yana ganina ya sunkuyar da kai ya zagaya ta bayan ɗaki. Na ji daɗi, tarbiyya ba ta zube ba. Ban kalle shi ba, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na-Turai muka fara kai wa. A cikin zafin nan ya ɗaura wa wuyansa igiya da hannunsa, abin da mu sai mun yi kokawa da maraƙi kafin ya yarda. Gaisuwarsa "sannu" ɗaya ce, ita ma sai da ya duba agogo ya ga akwai lokacinta. Ya ɗauki cokali mai yatsu ya shiga farautar tuwo a cikin miya, tuwon yana gudu yana bi. Ba ya buɗe baki sai ya ce "a can". A can ba a haka. A can tebur ba ya rawa. A can ƙuda ma da ƙa'ida yake sauka. Talatu ta ce ba ya taɓa aikin kowa, ba ya bari a taɓa nasa, kuma in lokacin shayinsa ya yi, ko gobara ce ta jira.

Ya dube ni ya ce yana binciken iyalan manoma. "Iya, 'ya'yanki nawa? Yaya sunan babban?"

Talatu ta ƙware da yawu. Yaron yana bakin ƙofa yana goge sikelin da ya riga ya goge. Na ce, "Allah ya raya na kowa."

Ya sake tambaya da ƙarfi, ko kurma ce ni. Na sake ba shi amsar a hankali, ko shi ne. Sai ya juya ya yi wata magana da Turanci. A hanya Talatu, wadda ta tsinci Turanci a bakin tukunya, ta ce wai cewa ya yi abin tausayi ne, matan ƙauye ba su san sunan 'ya'yansu ba. Ɗan birni ne, an kai shi makarantar kwana tun bai iya ɗaure wando ba, na yi masa uzuri. Amma na ce a raina, mutum ya ƙetare teku ya dawo, ya kasa ƙetare zauren gidanmu.

Na-Kudu ban ga fuskarsa ba sai daga baya, don jarida ce ta amsa sallamarmu. Kai ba hula, riga ba hannu, kamar wanda aka koro daga wanka. Kalmarsa ɗaya ce, "Ban yarda ba," kuma yakan faɗe ta tun kafin ka gama magana don kada ya makara. Ya yi gardama da Talatu a kan gishiri. Ya yi gardama da Na-Turai a kan ko a buɗe taga. Keken ofis guda ɗaya ne, an ce ya sa an yi mitin a kan wanda zai hau shi har rana ta faɗi ba wanda ya je ko'ina. Yana ƙwala wa yaron kira da gundarin sunansa daga wannan bango zuwa wancan, ina jin abin har cikin haƙorina. Sai dai na lura da abu ɗaya: da ya buɗe kwanonsa, ya tura shi tsakiya ya ce wa yaron ya sa hannu. Sauran biyun kowa da nasa ya ci.

Na-Gida kuwa, ku zo ku ga mutum. Babbar riga fara ƙal, hula ta zauna daidai. Yana ganinmu ya taso ya durƙusa har ƙasa. "Inna, sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya gajiya? Yaya mutanen gida? Yaya shanu? Yaya kaka?" Sai da miya ta huce muna gaisawa. Teburinsa ya fi na kowa tsabta, don aiki ba ya kwana a kai: da ya sauka yake gangarawa wajen na ƙasa da shi, da murmushi da "ƙanena". Ba ya ce wa kowa a'a. Manomi ya zo da kuka, "To, za a duba." Na-Kudu ya zo da gardama, "Gaskiyarka ne." Na-Turai ya ce a can, shi kuma ya ce, "Allah ya kai mu." Ban ɓoye muku ba, ya shiga raina. Na ce in jami'a ce ta ƙera wannan, a kai yaron gobe.

Ina tattara kwanuka sai ga wani Alhaji dillalin gyaɗa da jakunansa, yana neman inda zai baza tasa ta sha rana. Na-Gida ya tarbe shi kamar an ga wata. Ya kira yaron ya ce, "Ƙanena, ɗan matsa da gyaɗar nan gefe guda, a sam wa Alhaji wuri."

Yaron ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, za su haɗu."

Ya ce, "Shimfiɗa buhu a tsakani. Alhaji ubanmu ne, ba a hana uba siminti."

Ni ina nan tsaye da kwano. Na-Kudu yana gindin bishiya a bayan jaridarsa. Yaron ya yi yadda aka ce. Jakunan Alhaji kuwa ba wanda ya yi musu bayanin gwaji. Kafin la'asar sun ratsa ta kai sun dawo, buhun yana maƙale a ƙafar ɗayansu, iri biyu sun zama dangi ɗaya.

Washegari muna isowa da abinci muka tarar da mota a ƙofar ofis. Babbansu ne na Kano, dattijo mai furfura a gemu, ya zo awo. Yana tsaye a kan tsibin, su huɗu suna gabansa. Ni da Talatu muka rakuɓe a jikin bango.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na-Turai ya ce, "Ba ɓangarena ba ne. Kuma a lokacin ina shan shayi."

Na-Gida ya matso, ya haɗa hannu biyu, ya sassauta murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki. Yaro ne, a yi masa afuwa. Ƙuruciya ce, ba mugunta ba. Ni ma laifina ne da ban sa masa ido ba."

Na tsufa ina jin roƙo, ban taɓa jin wanda aka yanka mutum da shi ba sai ranar. Yaron ya kafa ido a ƙasa. Ba zai ƙaryata na gaba da shi ba, balle ga ni a wurin. Kwanon da ke hannuna daga kan wuta aka sauke shi, sai da yamma na ga tafina ya tashi. Talatu ta mintsine ni ta ce a kunne, "Kin gani da idonki, ki yi magana."

Na ce, "Da wane bakin?"

Dattijon ya dubi yaron ya ce, "Wanda bai iya raba tsibi biyu ba shi za a kai jami'a?"

Sai na ji an naɗe jarida.

"Ban yarda ba."

Tunda na zo garin nake jin kalmar nan tana sukata, ranar ta zame mini kamar ruwan sanyi. Na-Kudu ya tako, hannu a aljihu, ba "ranka ya daɗe" ba komai. Ya ce, "Ina zaune a can aka yi. Wannan ne ya ba da umarni don dillali ya sami wuri. Yaron ya ce za su haɗu, aka ce ya sa buhu. In za a rubuta laifi, a rubuta shi a inda yake."

Na-Gida ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗan'uwa, a gaban baƙi?"

Ya ce, "A gabansu ka faɗa, a gabansu zan gyara."

Dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba shari'a ta kawo shi ba, awo ne. Zai wuce Gwarzo, gobe zai biyo ta nan. In ya tarar da iri biyu, a auna. In bai tarar ba, aikin bana ya mutu, zancen karatun yaron ma ya bi shi, don ba shi da abin da zai nuna a Kano. Ya shiga mota ya tafi.

Sai Na-Turai ya sunkuya ya ɗauki gyaɗa biyu ya kai kusa da ido. Ya juya su, ya sake juyawa. Ya zaro hankici ya shimfiɗa a siminti, ya cusa igiyar wuyansa cikin riga, ya zauna dirshan. Ya ce, "Za su rabu. Dubi nan. Sabuwar tana da ƙugu a tsakiya, bakinta kuma ya ɗan lanƙwasa kamar na tsuntsu. Ta gida ba ta da ko ɗaya."

Ni da na yi wayo a cikin ɓarar gyaɗa, wallahi ban taɓa sanin tana da ƙugu ba. Na ɗauka na duba, ga shi kuwa. Yaron ya zauna kusa da shi. Na-Kudu ya zauna, amma ba a yi minti ɗaya ba ya fara: "Ban yarda ba, wannan tana da ƙugu, ƙiba ce ta yi." Har ya buɗe tsibi na uku na waɗanda za a yi mitin a kansu. Na-Turai yana bin bayansa yana kwashewa. Ni da Talatu muka ajiye kwanuka muka sa hannu. Na-Gida ya ce bari ya je ya nemo lebura.

Aka buga ƙarfen shayi. Na-Turai bai ko ɗaga kai ba. Talatu ta ce, "Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Yadda zaman ya kama, sai na sami kaina tsakanina da yaron bai fi kamu biyu ba. Rabon da mu zauna haka tun yaye. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya turo kwando wajena da gefen hannu kamar kuskure, na ja kamar ban san daga inda ya zo ba. Ina tsinta ina jin yana tambayar Na-Turai: me ya sa wannan take yin ƙugu, in aka shuka su kusa za su auri juna, wa ya fara gano haka. Muryar da yake tambaya da ita ban san shi da ita ba. A gida "to" kawai na san yana cewa. Na-Turai yana ba shi amsa yana "a can, a can", amma wannan karon ban ji haushi ba. Ya ce masa, "In ka je za ka gani. Akwai ɗaki guda ba komai a ciki sai iri." Hannun yaron ya tsaya cak a cikin gyaɗa, sannan ya ci gaba.

Wajen la'asar Na-Gida ya dawo. Lebura dai bai samu ba, amma ya zo da goro. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana rabawa yana "sannunku da aiki, Allah ya ba da lada". Rigarsa yadda ta fita haka ta dawo.

Muka yi har rana ta faɗi, muka ɗora da sassafe. Da dattijon ya biyo ya tarar da tsibi biyu da rata a tsakani. Aka auna. Ya dubi gwiwar wandon Na-Turai da ta yi jawur da ƙasa, ya dubi farar rigar Na-Gida. Ya ce da yaron, "Sunanka zai tafi. Saura iznin mahaifinka." Ni kuwa na ga wata gyaɗa a ƙasa da ke buƙatar a ɗauke ta, na sunkuya na daɗe ina ɗauka.

Ragowar man shanun da mai ƙarfe ya bar mini na ba Talatu, na ce ta riƙa sawa a miyar ofis, ta ɗan karkata cokalin wajen wanda ya fi rama. Da na je sallama, Na-Turai ya miƙo mini hannu. Na dubi hannun, shi ma ya dube shi, ya mayar aljihu. Na-Kudu ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Iya, gishirin jiya ya yi yawa." Na-Gida ne ya rako ni har bakin hanya, ya karɓi ƙunshina ya riƙe mini. Da mota ta tsaya ya durƙusa ya ce, "Inna, a gaida Baba. A ce masa yaron yana hannunmu, kada ya damu. Ai tun ranar da kika shigo na gane. Kunyar ɗan fari ba ta ɓuya."

Na tsaya ina dubansa. Ashe a cikin su ukun shi kaɗai ya san al'adarmu. Ya san ko wace ce ke tsaye da kwano, ya san ta gani, ya san bakinta a ɗaure yake, ya kuma san amfanin hakan.

Na ce, "Allah ya saka maka daidai da aikinka."

Ya shafa da hannu biyu ya ce amin.

Masu cewa in gaya musu jami'ar da ta fi, ku yi haƙuri, ni ban ga jami'a ba, mutum uku na gani. Talatu ma ta ce wanda Na-Gida ya gada a kujerar nan, makarantarsu ɗaya, shi kuma sai an je gona an roƙe shi yake zuwa cin abinci. Abin da na iya ganewa, kowace ta koya wa nata wani abu ta bar shi da halin da ya je da shi.

Motar dawowa ba kaya, ta yi ta jijjiga mu har na ji haƙorana sun canja wuri. Mai ƙarfe yana nan a bakin rafi. Ya gane ni, ya dubi ƙunshina, na ce masa, "Yau ma ba gyaɗa ba ce," ya ce ya sani.

Na iso gida da yamma. Sandar tana nan a zaure, an ƙara shafa mata mai. Bayan na huta Malam ya ce, "Yaya garken?"

Na ce, "Ɗaya bai iya gaisuwa ba. Ɗaya bai san gida ba. Ɗaya ya iya gaisuwa ya san gida."

Ya ce, "To ai na ukun ne mutum."

Na ce, "Haka na ɗauka ranar farko." Na ba shi labarin jakuna da buhu da roƙon arziki, ban sa sunan kowa ba, na ce wani ƙaramin ma'aikaci ne abin ya faɗa wa. Na ce biyun farkon, in aka haɗa su, za a sami mutum guda har da ɗan saura.

Sai ya ce, "Yaron fa?"

Na ce, "Ban lura da shi ba, Malam."

Ya ce, "Ba ki ce komai ba ke nan."

Na ce, "Ban ce ba."

Abin da ban faɗa ba shi ne, na ga yaron a tsaye ana ɗora masa kayan wani, ya yi shiru mai kyau, irin wanda ba a koyarwa a kowace jami'a. Wannan karatun ya sauke shi tun a gida. In ya dawo ya ɗauki sanda, shanu ba za su tambaye shi komai ba, shi ma ba zai tambaye su ba. Ni kuwa na ji muryar da yake tambaya da ita.

Da gari ya waye na riga kowa fita. Na ɗauko sandar daga zaure, na sa gatari na raba ta uku, na cusa a murhu. Da yake ta sha mai, ba ta yi gardama ba. A kanta na dama wa Malam kunu, na kai masa. Ya karɓa, ya dubi bangon da sandar take jingina, ya dubi tsibin itacen da ke tsakar gida wanda ya fi ni tsayi.

Ya ce, "Itace ya ƙare ne?"

Na ce, "Ɗanye ne, Malam."

Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya ce, "A can inda za shi, an ce akwai sanyi?"

Na ce ban sani ba, na koma ɗaki na fara kwance bargona.